1e23 ta ci mini makonni uku

Jama'a, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na daren jiya na rubuta 1e23, wato 1 da sifili 23 a bayanta, injin ya dawo mini da 1e+23. Wanda bai taɓa faɗa wa wannan ramin ba zai ce to sai me. Ni kuwa sai da na miƙe na zagaya ɗaki sau biyu, har uwargida ta farka tana tambaya ko lafiya.

Masu bin wannan aikin sun san ɗan yaren kwamfutar da nake haɗawa da yaren C. Shirina na watan nan shi ne in gama ɓangaren jerin abubuwa, lambobi masu ɗigo kuwa na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Da farko %.17g, umarnin C na buga lamba da lambobi 17, nake amfani da shi, sai 0.1 ta riƙa fitowa 0.10000000000000001, abin ba kyan gani. Na koma dabarar malalata: buga da lambobi 15, karanta da strtod (mai mayar da rubutu lamba a C), in ba ta dawo daidai ba a gwada 16, sannan 17. Tana aiki, har ranar da wani abokina a Maraɗi ya gwada a kwamfutarsa da aka saita da Faransanci. Ya raba 7 da 2 ya ga 3,5 da waƙafi, ya rubuta 3.5 injin ya karanta 3 ya watsar da sauran. Laifina ne, ni na kira setlocale, mai sa shiri ya bi saitin harshen kwamfuta, a farkon shirin ban yi tunani ba. Goge layi ɗaya zai gyara, na sani. Amma taurin kai ya motsa, na ce wallahi da hannuna zan rubuta mai karantawa (rubutu zuwa lamba) da mai bugawa (lamba zuwa rubutu), in daina dogaro da saitin kwamfutar kowa.

Mai karantawa bai ba ni wahala sosai ba. A mai bugawa na bi hanyar Steele da White ta 1990, da manyan lambobi: ka ɗauki lambar a matsayin R bisa S, ga tazarar iyakar sama da ta ƙasa, kana ciro lamba ɗaya ɗaya har ka shiga filin da babu wata double (lamba mai ɗigo da kwamfuta ke ajiyewa a bit 64) a cikinsa sai taka. Na tuna da cewa a kan 2, 4, 8 da ire-irensu tazarar ƙasa rabin ta sama ce, wannan tarkon bai kama ni ba. Na zuba masa bit 64 na barkatai har miliyan goma, ya buga, ya karanta, ya kwatanta. Ko ɗaya ba ta kauce ba. 5e-324 ta wuce, 1.7976931348623157e308 ta wuce, har 2.2250738585072011e-308, wadda ta riƙa daskarar da yaren PHP a farkon 2011, ta shiga ta fita lafiya lau. Na fara jin kaina.

Sai na ce bari in jera 1e-323 zuwa 1e308 in kwatanta da abin da yaren Python ke bugawa, tunda shi tun sigar 3.1 kod ɗin David Gay yake amfani da shi wajen fitar da mafi gajarta. Duk suka yi daidai sai guda ɗaya tak. Python ya ce 1e+23. Nawa ya ce 9.999999999999999e+22.

Abin haushin, amsata ba ƙarya ba ce. In ka karanta 9.999999999999999e+22 double ɗin nan dai za ka samu, shi ya sa gwajin miliyan goma bai ga komai ba. Gaskiya ce mai tsawon lambobi 16 a inda lamba ɗaya ta isa. Mutum ya rubuta 1e23 a yarenka ka mayar masa da jerin tara-tara, ai ka sha kunya.

Makon farko mai karantawa na tuhuma. Na fitar da bit ɗin da ya ajiye: 44B52D02C7E14AF6. Na tambayi Python, shi ma hakan ya ce, har harafin ƙarshe. To ba can ba ne. Mako na biyu na ɗora wa ninkin manyan lambobina laifi, na ce tabbas akwai inda ragowa ke zubewa. Na rushe shi na sake ginawa daga tushe. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, in an ɗauke wuta sai janareta, kuma a makon nan na ƙona man da ya kai kuɗin cefanen kwana biyu a kan kod ɗin da tun asali lafiyarsa ƙalau. Sabon ninki ya ba ni tara-taran nan dai, ba ragi ba ƙari. Ranar na rufe kwamfuta ban yi wa kowa magana ba.

Abin da ya warware shi biro ne da bayan takardar kalanda, ranar da ba wuta ba mai. Na ce me ya sa 23 kaɗai? 10^23 ai 2^23 ne sau 5^23. Su biyu-biyun ba sa cin gurbi, a lambar ƙarfi (ɓangaren double mai ƙirga ninkin biyu) suke tafiya. Matsalar 5^23 ce, wato 11920928955078125. Double na da gurbin bit 53 na ainihin lambar, wato mantisa, iyakarsa 9007199254740992. 5^22 ta shige ciki, shi ya sa 1e22 ke zama cif. 5^23 kuwa bit 54 take buƙata, ta ɗara da ɗaya rak, kuma mara ce, ba ta rabuwa biyu. Ma'ana bit ɗin da za a yar shi ne rabi daidai wa daida. Na lissafa maƙwabtan biyu: na ƙasa 99999999999999991611392, na sama 100000000000000008388608. Daga 10^23 zuwa kowannensu 8388608 ne. Tana zaune a kan katanga, ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can.

In aka yi kunnen doki irin wannan, ƙa'idar IEEE 754 ta lambobi masu ɗigo ta ce a ba wanda mantisarsa cika ce. Ku dubi bit ɗin can sama, da 6 ya ƙare. Na ƙasa ne ya ci. Mai karantawata ya san wannan ƙa'ida, ni na koya masa, na ma gwada shi da 9007199254740993 ya sauko 9007199254740992 yadda ya kamata. Mai bugawa ne ban taɓa gaya wa ba. Shi a wurinsa kan iyaka haramun ne, alhali in mantisa cika ce katangar ma taka ce, duk wanda ya karanta gidanka zai dawo. Alamar > na sa inda ya kamata ta zama >=.

Wuta na dawowa na gyara a cikin zagayen ciro lambobi, hannu har rawa yake. Na rubuta 1e23. Allo ya nuna mini wannan:

:e+22

Ɗigo biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na daɗe ina kallonsa kafin dariya ta ƙwace mini. Lambar farko 9 ce, sabon sharaɗi ya ce a ƙara mata ɗaya, ta zama 10, kuma harafin da ke bin 9 a jerin haruffan kwamfuta na ASCII shi ne wannan ɗigo biyun. Kenan lissafin ya kai 10e22, amsar ta zo, rigarta ce ba ta shige ta ba. Akwai wani gwajin iyakar tun kafin a shiga zagaye, wurin da ake tsayar da lambar ƙarfin goma, shi ma yana son >= ɗin in mantisa cika ce. Wuri biyu, harafi ɗaya ɗaya. Makonni uku.

Da asuba na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na kwatanta lambobin barkatai da rubutun Python kai tsaye, ba buga-ka-karanta kawai ba. Na mayar da tsohon kod don in gani: ashe 1e23 ba ita kaɗai ba ce, akwai tarin 'yan uwanta a cikin manyan lambobin da suka haura 2^53, inda kan iyaka ke faɗawa a kan lamba mai ƙarewa da sifili. Da sabon kod ɗin babu ko ɗaya. In kuna rubuta naku, ku sa wannan gwajin tun yau, don Allah.

Yana da nawa, ban musa ba. Buga lambobi miliyan ɗaya sai ka ji fankar kwamfuta ta tashi. Na san da hanyoyi masu sauri, Grisu na Florian Loitsch na 2010, da Ryu na Ulf Adams na 2018 da ba ya buƙatar manyan lambobi wajen aiki, na ma buɗe teburansa na rufe da sauri. Wataƙila bayan salla. Wataƙila in fara komawa kan jerin abubuwan da na bari tun farkon wata. Na dai tura wa mutumin Maraɗi sabon kod da safen nan, ya raba 7 da 2 ya turo mini hoton allo, 3.5 da ɗigonta, sannan ya tambaye ni me ya sa in ya rubuta 3,5 injin ke ce masa kuskure.