Ƙunshi ɗaya, shanu biyu

Shagona na maganin dabbobi yana kusa da kasuwar Kara a Sakkwato, kuma da ruwan farko ya sauka na san abin da za a fi nema: maganin sammore, cutar dabbobi da ƙudan tsando ke yaɗawa. Ƙudan tsando bai cika zama a ƙasarmu ba, ta yi masa bushewa. Amma shanunmu ba nan suke cin rani ba. Sukan gangara Neja da Kwara, su sha a rafuka masu duhuwa, su dawo da cutar a jini. A gida kuma bobuwa, wani ƙuda mai cizo, ta ciji wannan saniya, ta kai wa waccan.

Ba sai an auna ba makiyayi yake ganewa. Saniya tana ci tana ramewa, ido na hawaye, kaluluwa ta kumbura, nono ya ja baya. Irin shanunmu, Gudali da Rahaji, ba su da juriyar Muturu, shanun kudu.

Rigimata da masu saye a kan awo take. Ƙaramin ƙunshin Berenil, maganin allura na sammore, na dabba mai kilo 300 ne. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, ba ni ɗaya, zan raba wa biyu." Na ce, "Baffa, za su miƙe, amma ba za su warke ba." Abin da rabin allura ke yi ke nan: dabba ta murmure, ƙwayar cutar ta lafe a jikinta, ta saba da maganin. Irin wannan saniyar ta fi ba ni tsoro a kan wadda ta kwanta, don ita ake kaiwa kasuwa. Masu raƙuma daga Illela kuwa ba na ba su Berenil ko sun nace, yana iya kashe raƙumi.

Akan tambaye ni ko mutum na kamuwa. Yawancin sammoren shanunmu bai kama ɗan Adam. Ciwon barci danginsa ne. A Uganda shanu ne ke riƙe da nau'in can, nau'in Afirka ta Yamma kuma an same shi a jinin aladu, karnuka, tumaki da awaki. Cizon tsando ne ke kai shi ga mutum.

Baffan nan ya sayi ƙunshi biyu ranar, bayan ya sa na rage masa kuɗin sirinji.