Abin da riƙon gasar labaran duhu na hunturu ya koya min

Duk wanda ya taso a Zazzau ya san hunturu lokacin labari ne. Daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, in iskar nan mai kwaso ƙura daga Sahara ta sauko, gari ya yi fari fat, dutsen Kufena da kake hangowa kullum sai ka neme shi ka rasa, ana idar da Isha kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Da can a irin wannan daren ne ake cusuwa ɗakin kaka a sha tatsuniyar Dodo da Gizo, yanzu kuwa kowa na cikin bargo da waya a hannu. A kan wannan muka ɗora gasarmu, ni da wasu abokan rubutu, yawancinsu 'yan Samaru da Tudun Wada da Sabon Gari sai 'yan cikin birni kaɗan. Duk mako a ba da jigo ɗaya, kowa ya rubuto guntun labari mai duhu wanda bai wuce kalma 300 ba, a turo a zauren WhatsApp. Ni aka ɗora wa riƙon abin. Kyauta kuwa katin waya ne in Allah ya hore, in bai hore ba a yi maka tafi da sitika ka yi haƙuri.

Maganar lokaci ba zan daɗe a kanta ba don a bayyane take. Jigo na fita daren Juma'a, a rufe karɓa Laraba ƙarfe goma na dare, Alhamis a yi sharhi. Duk Laraba sai an samu mai cewa "Malam don Allah a ƙara min ko rabin awa, an ɗauke mana wuta tun jiya wayar ba caji", kuma yawanci gaskiya yake faɗa, amma ranar da ka ƙara wa mutum ɗaya to ka ƙara wa kowa ke nan har abada. Abin da ya raba gardama shi ne muka ce wanda ba shi da caji ko data ya rubuta a takarda, ya ari wayar wani ya ɗauki hoto ya turo, in dai kafin goma ne mun karɓa. Uzuri ya ragu sosai daga nan.

Kalma 300 ɗin ce ta fi ba mutane wuya. Yawancin marubutanmu na intanet sun saba da dogon littafi, shafi bayan shafi har ɗari da wani abu, a fara da sallama da sadaukarwa da gaishe da masoya, sannan a kwashe rabin shafi ana kwatanta idon yarinya da hancinta da irin leshin da ta sa. A labarin kalma 300 kafin ka gama ɗaura mata ɗankwali an tashi kasuwa. Ga kuma ƙananan kalmomin nan, ya, ta, da, na, sai, da ke cinye ƙidaya ba ka sani ba. Nan wasu suka gano dabara, su manne "ya ce" ta koma "yace", "za ta je" ta koma "zataje", sai kwamfuta ta ƙirga uku a matsayin ɗaya, mutum ya shigo da labarin 380 yana rantsuwa 300 ne cif. Dole muka ce da ƙa'idar rubutun Hausa za a ƙirga, a raba abin da ake rabawa. Ba mu yi niyyar koyar da ƙa'idar rubutu ba wallahi, amma kafin sanyi ya wuce mutane da yawa sun iya raba kalma saboda tsoron kar a fitar da labarinsu.

Babban abin da na koya dai yana kan shi kansa duhun. Makonnin farko kusan labari ɗaya kowa ke turowa da sunaye daban. Ɗan acaba ya ɗauki wata kyakkyawa kusa da maƙabarta, ya waiga ya ga kofato. Aljani a gindin tsamiya. Fatalwa cikin likkafani tana kiran sunan mutum sau uku. Ƙarshe kuma "sai na farka, ashe mafarki nake", wanda wannan kam mun haramta shi gaba ɗaya tun mako na uku, duk wanda ya farka daga barci a layin ƙarshe an cire shi. Ba wai labarin aljanu laifi ba ne, mun taso da su, amma mai karatu ya riga ya san hanyar tun daga layin farko, ba ya jin komai, dariya ma yake yi.

Abin ya sauya ne makon da muka ba da jigon "gawayi". Wata malamar firamare ta rubuto labarin uwa da ɗanta mai tari, sanyi ya matsa, ta shigo da kaskon gawayi ɗaki ta toshe taga da tsumma ta rufe ƙofa. Labarin duk a bakin uwar yake, tana kwance tana jin daɗi yau dai yaron bai yi tari ko sau ɗaya ba, ga ɗaki ya yi ɗumi, ita ma wani barci mai daɗi na fizgarta, tana cewa gobe ma haka za ta yi. Nan ya tsaya. Ba ta ce kowa ya mutu ba. Amma duk wanda ya san cewa gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma barci take fara sa mutum kafin ta kashe shi, ya san abin da maƙwabta za su tarar da safe. Zauren ya yi tsit kusan awa ɗaya, sannan wani ya rubuto cewa ya tashi ya je ya fitar da kaskon da ke ɗakin mahaifiyarsa.

Daga nan na daina ba da jigo irin "maita" ko "tsakar dare", na koma ba da abin da ke gaban kowa: bargo, rijiya, layin awo, makullin ɗaki, lambar da ba suna. Jigon "bargo" ya kawo labarin almajiran da ke kwana a zaure, da asuba aka tashe su ɗaya bai motsa ba, mai ba da labarin kuma ƙaramin cikinsu ne, duk hankalinsa na kan wa zai gaji buhun da wancan ke rufa da shi. Wani ɗalibin likitanci ya rubuta na matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma tana ƙirga kwanaki, kuma a hankali kake gane ba baƙin ciki ne ke sa ta ƙirgar ba. A ganina waɗannan sun fi duk wani mai kofato ban tsoro, don babu addu'ar da za ka tofa su ɓace, gobe ma suna nan a unguwarku. Kuma na lura duk labarin da ya yi ƙarfi, marubucin ya bar wa mai karatu layin ƙarshe ne ya ƙarasa da kansa.

Sai dai duhun gida yana da nasa haɗarin, kuma nan aikin mai riƙo yake. Mu a jihar Kaduna garkuwa da mutane ba labarin ƙirƙira ba ne, harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 kowa ya san wanda ya san wani da abin ya shafa, ban da na ƙauyukan wajen Giwa da Birnin Gwari. A zaure akwai wanda aka taɓa ɗauke yayansa. Don haka muka sa doka, in labarinka ya taɓa garkuwa ko fyaɗe ko kisan kai, ka rubuta gargaɗi a sama, mai so ya karanta, wanda ba zai iya ba ya wuce ba wanda zai tambaye shi dalili. Muka kuma hana kiran sunan unguwa ta gaske ko ƙabila ko wani gida a jingina musu maita ko tsafi. Wasu sun ce takurawa ce, ai labari ne kawai. Ni ban yarda ba. Labari na fita daga zaure a minti ɗaya, a tura shi wani wuri an cire sunan gasa, gobe ka ji ana nuna wata tsohuwa da yatsa a bakin famfo. Kuma zauren namu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai 'yan Wusasa akwai 'yan Ƙofar Doka, ba na son wani ya buɗe waya ya tarar an mai da mutanensa dodon labari.

Akwai kuma wanda ba ƙirƙira yake ba, damuwarsa yake rubutowa ya sa mata sunan wani. Wata yarinya mako uku a jere, ko wane jigo aka bayar, tauraruwarta sai ta ƙare da kashe kanta, kuma kullum gidan iri ɗaya ne, kishiyar uwa iri ɗaya, maganganun da ake gaya mata iri ɗaya. Irin wannan ba a yi masa sharhin "ki gyara tsarin jimla". Ba kuma a cikin taro ake tambaya ba, ni namiji ma bai dace in bi ta ta bayan fage ba. Wata babbar yaya da ke cikinmu, wadda kowa ke kira Anti, ita na roƙa ta kira ta. Abin da suka tattauna tsakaninsu ne, abin da na sani shi ne an haɗa ta da likita kuma ta ci gaba da rubutu. Tun daga lokacin nake karanta labaran mutum a jere, na wannan makon da na makon jiya, ba ɗaya-ɗaya ba.

Sharhi ma sai da muka yi dabara. Mu da kara, kowa "Masha Allah, Allah ƙara basira", ko labarin bai yi ba, ƙarami ba zai gyara wa babba ba, mace ba za ta so a ce ta kushe ƙawarta ba, ƙuri'a kuma kowa abokinsa yake zaɓa. Sai na koma karɓar labaran ni kaɗai, in cire suna in sa lamba, a yi sharhi a kaɗa ƙuri'a sannan a bayyana masu su. Ranar da wani ɗan sakandare ya yi wa labari mai lamba bakwai fata-fata, ya ce rabin farkonsa duk shara ce a yanke, aka buɗe suna ashe na wani malamin jami'a ne, yaron ya rikice yana ta "Baba don Allah a yafe min ban san naku ba ne", malamin ya ce ai gaskiya ka faɗa ɗana, ya yanke ɗin kuma labarin ya fi kyau.

Rigima ɗaya da ba mu gama ba ita ce ta Zazzaganci. Mu nan ba kowa ke bambanta namiji da mace a magana yadda daidaitacciyar Hausa ke so ba, za ka ji "mota na", "rigan nan", masu gyara kuma su yi ta jan layi. Matsayata ita ce in mai ba da labari ne ke magana a bi ƙa'ida, in kuwa tsohuwar cikin birni ce ke magana a cikin labarin a bar ta ta yi irin ta gidansu, in ka gyara mata baki ta zama 'yar Kano. Wani ya tuna mana cewa a garin nan aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ta Hukumar Talifi ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, wadda ta fito da su Abubakar Imam, a nan aka kafa kamfanin buga littattafai na Gaskiya a 1945, don haka wai mu ya fi kamata mu tsare ƙa'ida. Na ce to ai shi ya sa muke raba "ya ce", amma tsohuwa dai a ƙyale ta.

Da Maris ya kama zafi ya fara, labarai suka ragu da kansu, mutane sun koma kwana a tsakar gida ana fifita, ba mai sha'awar rufaffen ɗaki da bargo. Wasu sun so a ci gaba har damina, wasu matan kuma sun ce za su koma shirin shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 ake yi kuma labarinta ya fi namu tsawo nesa. Na ga gara a rufe da sanarwa da a bari zaure ya mutu a hankali, sai muka tsayar da cewa gasar ta hunturu ce kawai. Yanzu aikin da ya rage shi ne tattara waɗanda suka fi kyau wuri ɗaya, kuma sai an nemi izinin kowa, don akwai mutum biyu da suka ce ko da wasa kar a sa sunansu na gaskiya, 'yan gidansu za su gane kansu a ciki. Malamar nan mai labarin gawayi kuma ta dage a mai da iyakar kalma 250 a hunturu mai zuwa, masu dogon littafi sun ce in aka yi haka su kam sun fita, har yanzu ana ta ja.