Godiya bayan shekara biyu a Tema

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar 6 ga Yuli sakamakon jarrabawar IB, wato jarrabawar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa, ya fito, yarinyata ta ci, kuma makin ya ishe ta shiga jami'ar da take so. Tun ranar nake amsa waya. Waɗanda suka tsaya mana sun fi ƙarfin in bi su ɗaya-ɗaya, shi ya sa na rubuta a nan.

A 2023 ta samu gurbi a wata makarantar kwana ta ƙasa da ƙasa a Tema, kusa da Akara a ƙasar Gana, da sassaucin kuɗin makaranta. Ragowar da dala ake biya. A watan Yunin shekarar aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, dalar da muka yi lissafi da ita ƙasa da naira 500 ta wuce 1,500 kafin Maris na 2024. Akwai daren da ni da babanta muka yanke shawarar dawo da ita. Yaya, kai ka hana, ka sayar da filinka ba ka gaya mana ba sai da kuɗin suka shigo. Matan adashinmu kuma suka bar mini kwasar farko har sau biyu. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Amma gaskiya ba kuɗin ne ya fi hana ni barci ba. Tsorona shi ne a dawo mini da baƙuwa, wadda za ta ji nauyin durƙusa wa kakanta ko ta riƙa wasa da salla. Mutane sun faɗa mini haka, wasu da kyakkyawar niyya.

A nan ne bakina ya gaza wajen gode wa Hajiyarmu ta unguwar Nima a Akara. Ba mu haɗa jini ba, ƙawar ƙanwar mijina ce kawai. Duk hutun tsakiyar zango ita ke zuwa ɗaukarta, ta haɗa ta da 'ya'yanta, a sha koko da ƙosai da safe, a ci tuwon zafi da dare, a tafi makarantar dare tare. Salla huɗu a gidanta ta yi su, kowace da sabon ɗinki. Hajiya, kin riƙe amana. Ita yarinyar har Hausar mutanen zangon Gana ta kwaso, tana mana a waya muna jin daɗi.

Karatun kansa ba wasa ba ne. Darussa shida, uku a mataki mai zurfi, ga aikin taimakon al'umma na dole, ga dogon rubutun bincike mai kalma 4,000 da kowane ɗalibi zai yi da kansa. Azumin 2025 ya faɗo a Maris, ana tsakiyar bitar jarrabawar Mayu. Uwar ɗakin kwanansu Kirista ce, amma ita ke tabbatar da an ajiye wa yara Musulmi abin sahur, ta kuma tashe su. Ban taɓa roƙonta ba. Na gode, na gode.

Malamin tarihinta ne ya ce ta nemi batun bincike daga gida. Sai ta zaɓi fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ta arewacin Gana, yadda ayarin jakuna ke kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga su dawo da goro. Wata uku tana kiran kakanta kowace Lahadi, yana ba ta labarin madugai da zangon fatake kamar yadda ya ji daga mahaifinsa. Shekara goma sha bakwai suna gida ɗaya ba su taɓa hira mai tsawo haka ba. Baba, ranar da ta karanta maka abin da ta rubuta, ta fassara maka layi-layi, na ga ka share ido. Malam, Allah Ya ƙara basira.

Ƙawarta 'yar Ruwanda, wadda ta yi jinyarta lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, ta zama 'yata.

Ke kuma, 'yar fari ce, ba zan kama sunanki ba. Kin yi kuka a waya a zangon farko, kin ce in zo in ɗauke ki, na ce ki ƙara mako ɗaya. Na gode da kika ƙara. Allah Ya yi miki albarka.

Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu yi 'yar walima a gida, kowa ya zo. Hajiya ta ce ta mota za ta taho, ta Lome da Kwatano da Legas, muna roƙon ku sa ta a addu'a Allah Ya kawo ta lafiya.