Abin da ciwon Apert ya koya mini a sashen jinyar yara

A makarantar koyon jinya, 'yan layuka kawai aka ba mu kan ciwon Apert: likitan Faransa Eugène Apert ne ya bayyana shi a 1906, sauyi ne a ƙwayar gado mai suna FGFR2, yana samun kamar jariri ɗaya cikin 65,000. Sai da na fara aiki da yaran nan a Ingila na gane cewa babbar wahalar ita ce sanin aikin tiyatar da zai riga wani.

Mahaɗan ƙoƙon kan jaririn suna haɗewa tun lokaci bai yi ba, ƙwaƙwalwa na girma, wuri ya yi mata kaɗan. Tsakiyar fuska ta lotsa, idanu sun firfito, yatsun hannu da na ƙafa a manne. Likitan ƙwaƙwalwa na so a buɗe ƙoƙon kai, galibi kafin yaro ya shekara. Likitan hannu na so a raba yatsu da wuri don yaro ya koyi riƙe abu. Amma idan numfashi na ɗaukewa cikin barci, duk waɗannan sai su dakata, domin sa wa irin wannan yaro barcin tiyata ma haɗari ne. Ga ji, ga haƙora, ga koyon magana, ga aikin jawo tsakiyar fuska gaba wanda kan jira shekaru.

Shi ya sa Ingila ta tattara aikin a cibiyoyi huɗu: Landan, Oxford, Birmingham da Liverpool. Likitocin kan zauna ɗaki ɗaya, su duba yaro rana ɗaya, su fito da magana ɗaya. Inda hali ya yi, akan haɗa ayyuka biyu a barci ɗaya.

A ganina, ginshiƙin tsarin ita ce nas ɗin da ke riƙe da fayil ɗin yaro, wadda iyaye ke da lambar wayarta. In babu ita, uwa ce ke zama 'yar aike tsakanin likitoci, tana ɗauke da saƙon da ba a fahimtar da ita ba. Wannan rashin adalci ne.

Wata uwa ta taɓa tambayata a hankali ko wani abu ta ci da cikin. Na ce mata, "Maman yaro, wallahi ba laifinki ba ne." Yawanci sauyin ƙwayar gadon sabon abu ne a jikin yaron, iyaye lafiyarsu ƙalau. Yanzu tun ranar farko nake faɗa wa iyaye haka, sannan in haɗa su da mai ba da shawara kan cututtukan gado kafin su yi tunanin wata haihuwar.