Ashe filinmu bai kai mita 100 ba

Alhamis, bayan isha'i.

Tun da aka yi mini sauyin wurin aiki daga Ringim zuwa wannan ƙauye nake jin labari ɗaya a teburin mai shayi: wai bara wani ɗan aji shida ya yi gudun mita 100 cikin sakan 11 a gasar makarantarmu. Duk ranar da na ce abin da kamar wuya, sai a ce baƙo ne ni, ban san yaran garin ba. To bana Hedimasta ya ɗora mini shirin gasar, don haka da sassafe na biya gidan magini na aro tef ɗinsa na awo.

Daga gindin darbejiya, inda ake tashi, zuwa bangon aji uku, inda ake tsayawa, mita 82 na samu. Na sake aunawa, bai ƙaru ba. Ashe da taku aka auna shi tun asali, mai takun kuma ga alama gajere ne.

Hedimasta ya daɗe yana kallon tef ɗin, sannan ya ce, "Malam, wannan magana ta tsaya nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai filin ne zai faɗa da kansa."

Dole muka karkata layin ya shiga gonar Mai Unguwa, tunda an riga an kwashe gero. Yara suka tuge tushiyar kara, suka tsince tsidau, muka ja layi da toka. Wannan kaɗai ya ci mana hantsi.

Wanda ya zo na ɗaya yaron ruga ne, ba takalmi, kai a sama kamar yana bin saniyar da ta ɓalle. Wayata ta nuna 14.3. Nan take jikin yaran ya yi sanyi, wani har ya ce yaran bana ba su da ƙashi. Sai na zaunar da su a inuwa. Na ce musu Usain Bolt na Jamaika, wanda har yau ba a karya tarihinsa ba, sakan 9.58 ya yi a Berlin a 2009, da taku 41 kacal, ƙato mai tsawon kusan mita biyu. Namu na gida, Olusoji Fasuba, ya yi 9.85 a Doha a 2006, kuma shekara 15 ba wanda ya fi shi a duk Afirka. Shi ke nan sai ɗan firamare mai karyawa da koko ya tsaya dab da su?

Ban ma gaya musu cewa 14.3 ɗin tawa ita ma da sauran magana ba. Babban yatsana ne alƙali, shi kuwa agogon hannu yakan rage wa mai gudu kusan kwatan sakan idan aka gwada da na'ura. Ga iskar hunturu tana turo su ta baya. A gasar duniya, idan iskar baya ta wuce mita 2 a sakan, ba a rubuta lokacin a tarihi. Haka ta faru da Tobi Amusan, 'yar Najeriya, a Amurka a 2022: ta yi 12.12 a gudun tsallake shinge, aka karɓa, a zagayen ƙarshe ta yi 12.06, iska ta sa aka ƙi. Da na ba su labarin Tobi, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mace ce?" Na ce ƙwarai. Ta koma ta ɗaure ɗankwalinta tam, ta ce a sake jera su.

Da daddare na tarar labari ya riga ni zuwa teburin mai shayi. Kawun yaron bara yana zaune, bai ko amsa sallamata da kyau ba. Ya ce, "Malam, tef ɗin magini kuma? Wanda ya auna mini ɗaki ya fito a karkace?" Aka fashe da dariya, ni ma na yi. An tsayar da magana ranar Asabar za a kawo tef ɗin tela a sake awo, wai shi ba ya ƙarya. Mita ɗaya da rabi ne tsawonsa, kuma ni za a bar wa durƙuson.