Abin da kunne ya koya mini a shagon gyaran kwamfuta

Wata uku na yi a shagon maigidana da ke Tip Toe Lane, kusa da shataletalen Kwame Nkrumah a Akra, kafin ya yarda in taɓa faifan ajiya na kwastoma, wato abin da kowa a layin ke kira had disk. Ranar da ya yarda ma, sukudireba ya miƙo mini. Ya ce in ɗora bakinta a bayan faifan, in manna ƙotar a kunnena. A cikin hayaniyar masu sayar da waya da hon na motocin haya da ake kira tirotiro, sai ga shi ina jin cikin faifan tamkar a ɗaki ni kaɗai.

Lafiyayyen faifai ba ya shiru. Akwai faranti a ciki da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, shi ne gurnanin nan mai laushi da ba ya hawa ba ya sauka. Akwai kuma allurar karatu da ke shawagi a saman farantin ba tare da ta taɓa shi ba, iskar juyin ce ke ɗauke da ita, tazarar kuwa ko ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba. In an buɗe babban fayil za ka ji ƙaras-ƙaras ba tsari, kamar ɓera a cikin buhun masara. Aiki take yi. Ƙas guda ɗaya idan kwamfuta ta huta ko an kashe ta, allura ce ta koma makwancinta. Wasu faifan WD Green ma daƙiƙa 8 kawai suke yi ba aiki su mayar da ita, har mai kaya ya zo a guje yana cewa abinsa ya lalace. Sau da yawa kuma ƙarar da ta tsorata mutum ta fanka ce da ƙurar hunturu ta toshe.

Abin da maigida ya nace a kai shi ne maimaici. Ƙas, ƙas, ƙas a tazara iri ɗaya, faifan ya tsaya, ya sake tashi, ya kuma yi: allura ce ta fita neman alamar da za ta gane inda take, ta rasa, ta koma ta sake fita. Ƙara irin ta goga ƙarfe kuwa ta fi muni, don allura ta sauka a kan faranti tana kankare shi. Sai kukan tsit-tsit kamar ɗan tsako, wanda ke nuna injin yana son juyawa ya kasa. Wannan na ƙarshen, in faifan waje ne, mukan fara canza wayar USB da ramin da aka soka ta, don ƙarancin wuta ma yana sa shi.

Duk na haddace wannan, amma ban gane shi ba sai a 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya addabi gari. Wata Hajiya daga Nima mai sayar da atamfa ta kawo kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata tana aiki. Lissafin bashinta na shekaru da hotunan auren 'yarta duk suna ciki. Maigida ya tafi sallar Juma'a da wuri. Na kunna, na ji ƙas-ƙas ɗin nan sarai, amma da na ga Windows ta buɗe da ƙyar sai zuciyata ta ce ai da sauran rai. Na saka chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai, ya gyara. Minti kusan arba'in faifan yana wahala, ƙarar ta rikiɗe ta koma gurzawa, allo ya daskare.

Da maigida ya dawo ya ɗora kunne, ya zare wuta nan take. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, mai karaya ka sa gudu. Da ka kashe, da mun kwafe abin da zai kwafu tukuna." Ni ya sa na yi wa Hajiya bayani da bakina. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "To, yaro, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Tun daga nan, faifan da ke maimaita ƙara sau ɗaya nake kunna shi. In yana karantuwa, manhajar ddrescue nake sa wa ta kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifan, gyara ya biyo baya a kan kwafin. Ba na buɗe murfinsa a shago, ba na bubbuga shi, ba na sa shi a firji ko da wa ya ba da shawarar. Wanda kunnena ke kokwanto a kansa kuma, nakan duba bayanan SMART, wato rahoton da faifan ke ajiyewa kan lafiyarsa, da manhajar CrystalDiskInfo, musamman lamba 5 da 197, masu nuna gurbin da ya lalace da wanda ke jiran hukunci. In suna ƙaruwa, nakan ce wa mai kaya ya kwashe kayansa yau, ko da faifan bai yi tari ba. In kuma SMART ya ce lafiya lau alhali kunnena na jin ƙas-ƙas, kunnena nake bi.

Yanzu sabuwar ma'ajiyar nan ta SSD ta yawaita, ita ba faranti ba allura, in za ta mutu shiru take mutuwa. Amma kwamfutocin gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema har yanzu da tsofaffin faifai da yawa suke zuwa. Makon jiya sabon yaron shagona ya miƙa hannu zai danna madanni, na riƙe hannun, na ba shi sukudireba.