Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Kawu Ya Ƙi Biya Mini Bashi

Makon jiya mun tsaya inda maman yara ta buɗe kwallar ajiyarta ta tarar da wayam. Jika 60 ne, rancen da ta ɗauko a asusunsu na Mata Masu Dubara don ta sari gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ni kuwa na kwashe su na zuba a caca. Ba ta yi mini hayaniya ba. Ta goya ƙaraminmu, ta tari kabu-kabu daga Zango, sai Birni, gidan yayan Innata.

Bayan la'asar Kawu ya aiko a kira ni. Na tafi da murna a ɓoye, don na ɗauka abin da Inna ta saba yi shi ma zai yi. Inna ta sha sayar da awakinta ta rufa mini asiri, kuma duk ranar da ta biya, kafin sati ya zagayo na koma buga tikitin ƙwallo a salula, domin wanda aka biya wa bashi ƙofar sabon rance ce ta buɗe masa. Ina faɗa wa iyaye mata wannan da zuciya ɗaya: tausayin da ake yi a ɓoye caca yake ciyarwa.

Kawu ya daɗe yana fataucin fata tsakanin Damagaram da Kano, ya san bashi ciki da bai. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya turo mini kaye irin na ƴan lakwal da bik.

"Rubuta. Sunan kowa, da abin da yake bin ka, da ranar da ka ce za ka biya."

Na ce, "Kawu, ai ba su da yawa."

"To ba za ka daɗe ba ke nan."

Har aka kira magariba ban gama ba. Akwai mai shagon zare a Kasuwar Dole, akwai mai gidan haya, akwai mutanen da suka ba ni kuɗin ɗinkin Sallah tare da shaddarsu, na ci kuɗin, wata shaddar ma na sayar. Akwai wanda na jinginar wa keken ɗinkina na biyu, jika 50 ya ba ni, kowane ƙarshen wata yana ɗora jika 10. Akwai abokin fada da muka yi fare a kan wasa ɗaya, ni da shi, ya ci ni. Da aka haɗa, jika 640. Tunda na fara caca ban taɓa ganin jimillar ba, kullum bashin da ya fi matsa mini lamba a ranar shi kaɗai nake tunawa.

Kawu ya duba ya ce, "Ko dala ba zan ba ka ba. Amma gobe zan raka ka."

Wurin malamin da yake ɗaukar karatu a zaurensa ya fara kai ni. Na zaci wa'azin wuta zan sha. Malam ya karanta ayar Ma'ida ta 90 da ta haɗa giya da caca, bai tsawaita ba, ya ce na san hukuncin tun ina makarantar allo. Sai ya karɓi kayen ya shiga rarraba bashin, kuma a nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Ya ce kuɗin faren da abokina ya ci ni ba haƙƙinsa ba ne a shari'a, a soke shi. Wanda na ranta a hannun mutane kuwa, ko da caca na yi da shi, yana wuyana har sai na biya. Mai jingina uwar kuɗinsa kaɗai yake da ita, abin da yake ɗorawa riba ce, ya kawo aya ta 279 a Baƙara. Ya ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan sura, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka aikin da Kawu ya sa ni ba wulaƙanci ba ne.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ji ana ba mai bashi zakka."

Ya ce haka ne, masu bashi suna cikin kashi takwas da aka ambata a Tauba, aya ta 60. Amma malaman Malikiyya sun ce wanda ya ci bashi a kan ɓarna ba a ba shi sai ya tuba, kuma tuba ba a baki ake gane ta ba. "Je ka mu ga watanninka tukuna."

Zagayen masu bina bashi shi ne abin da ya fi mini nauyi. Kawu yana gaba da sandarsa, ni ina biye da kaye. A kowane wuri shi ne yake sallama, amma ni nake faɗa da bakina cewa caca na yi da kuɗin. Mai zare ya yi shiru, ya ce in riƙa kawo jika 5 duk Alhamis. Wata Hajiya da na sayar da shaddarta ta wanke ni tas a gaban jikokinta, kuma tana da gaskiya. Mai jingina ya ƙi sauke ribarsa sai da Kawu ya ce to a je gaban mai unguwa, nan ya yarda a tsaya a kan abin da aka riga aka ɗora, kada a ƙara. Ba duka abin da Malam ya faɗa aka samu ba, amma kuɗin sun daina haihuwa.

Tsarin da Kawu ya yanka ba shi da daɗi. Amana aka fara biya, wato kuɗin asusun maman yara da na masu ɗinki, sannan haya, sannan sauran. Duk wanda ya kawo ɗinki, hannun babban yaron shagona yake ba da kuɗi, shi kuma ya kai wa Kawu da yamma. Ni kuɗin cefane da na kabu-kabu kawai nake taɓawa. Babbar salulata ta koma aljihun Kawu, aka ba ni ƙarama mai maɓalli, aka rufe asusun kuɗin waya da nake zuba caca da shi. Tela mai mata da ƴaƴa yana karɓar kuɗin cefane a hannun wani, da ciwo. Amma daren Talata da Laraba, lokacin gasar zakarun Turai, jikina har rawa yake yi, kuma na san da kuɗi a hannuna da na buga.

Ƙanen maman yara, ɗalibi a Jami'ar André Salifou, shi ya kashe mini ƙwaɗayin tikitin haɗe-haɗe. Ya ce in ɗauka kowane wasa rabi da rabi ne, ko a ci ko a faɗi. In na haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, damar su fito duka 1 ce cikin 1,024, kuma tun wurin sa farashin kowane wasa kamfanin cacar ya riga ya cire rabonsa. Shi ya gaya mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, ya ce in barci ya ci gaba da gagara ta mu je likita, babu kunya a ciki.

Saura abu ɗaya da Kawu ya ce ba zai raka ni ba: taron matan asusu, inda maman yara take shan kallo saboda ni. Ya ce ni kaɗai zan je in tsaya a gabansu. Yadda muka yi da su, da abin da shugabarsu ta nema a wurina kafin su ɗaga mata ƙafa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.